Ciwon Haƙori da Haɗarin Barinsa Babu Magani

Ciwon haƙori yana daga cikin cututtukan da jama'armu suka fi rainawa. A Shema da Karofi da Makera na ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, da Birchi da Rawayau da Wurma na ƙaramar hukumar Kurfi, kamar sauran karkararmu, akasari mai wannan ciwo yakan sayi ƙwayar rage zafi a kemis, ya ɗaure kai ya tafi gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa kimanin mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma ruɓewar haƙori ita ce kan gaba.

Ba tsutsa ce ke cin haƙori ba, kamar yadda ake faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke sarrafa sauran sukari, na shayi da alawa da lemon kwalba, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke cinye bayan haƙori har ya yi kogo. Idan kogon ya kai ga jijiyar da ke ciki, sai zogi ya hana barci.

Abin da muke so jama'a su lura da shi shi ne, sau da yawa bayan kwanaki zogin yakan ɗauke da kansa, sai mutum ya ɗauka ya warke. Alhali jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cutar kuwa suna nan suna gangarawa zuwa saiwar haƙori, inda mugunya ke taruwa cikin ƙashin muƙamuƙi. Daga haƙoran ƙasa na can ciki, mugunyar tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe da haɓa, ta tura harshe sama har ta toshe hanyar numfashi. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ne ya yi bayanin wannan kumburi a 1836, kuma yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Daga haƙoran sama kuwa, cutar kan bi ta kunci zuwa gefen ido, wani lokaci har jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Haka kuma tana iya shiga jini ta gama jiki. Masu ciwon sukari, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya sun fi kowa shiga haɗari.

Alamomin Gaggawa

Duk wanda ciwon haƙori ya haɗa masa da kumburin haɓa ko wuya ko ƙasan ido, ko zazzaɓi, ko kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiyar miyau da numfashi, kada a bari ya kwana a gida. A kai shi Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, inda idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Maganin kashe ƙwayoyin cuta shi kaɗai ba ya isa. Sai an fitar da mugunyar, an wanke cikin haƙorin an cike shi, ko an cire shi.

Muna jan hankalin jama'a da su guji ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, ko danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin ƙona nama kawai suke yi. Kanumfari da ruwan ɗumi mai gishiri suna lafar da zafi kafin a isa asibiti, amma iyakarsu ke nan. Cire haƙori a kasuwa da ƙarfen da ba a dafa ba yana jawo zubar jini, da karyewar saiwa a cikin ƙashi, da kamuwa da ciwon hanta.

Game da Yara

Akwai cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, ko da yake sunan bai da alaƙa da aikin gona. Takan fara da gyambo a dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, sannan cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Idan an gano ta da wuri, magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Idan an bari, yawancin yaran ba sa rayuwa. An buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da limamai da jami'an lafiya na gundumomi da su riƙa tunatar da iyaye su duba bakin yaransu, su kai duk yaron da dasashinsa ke jini ko bakinsa ke wari asibiti mafi kusa. A riƙa goge baki safe da dare da buroshi da man da ke ɗauke da sinadarin fuloraid, tare da asuwaki da rana.