Tsakanin Sauri da Tabbaci: Gano Gubar Sarin a Fili da Ɗakin Gwaji

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake gano gubar sarin a wurin da aka watsa ta da kuma a ɗakin gwaji, bisa abin da ya faru a Tokiyo a 1995 da Siriya a 2013 da 2017. Matsayin maƙalar shi ne kayan gwajin fili na ceton rai ne, kafa hujja kuwa aikin ɗakin gwaji ne, kuma hujjar ba ta tsayuwa sai an san hannun da ya ɗebo samfurin.

1.0 Gabatarwa

A 1936 Gerhard Schrader na kamfanin IG Farben a Jamus yana neman maganin ƙwari sai ya ci karo da tabun, a 1938 kuma aka haɗa sarin. Wannan asalin ne ke wahalar da mai gwaji har yau. Sarin da fiya-fiyar da ake sayarwa a kasuwanninmu 'yan gida ɗaya ne: duk suna ɗauke da fosforos, duk suna toshe inzayim ɗin da ke kwance saƙon jijiya bayan tsoka ta motsa. Bambancinsu a ƙarfi yake. Da zarar inzayim ɗin ya toshe, sai ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, miyau ya riƙa dalala, ƙirji ya ɗaure.

2.0 Kayan Gwajin Fili

Mafi sauƙi ita ce takardar M8. A dangwala ta a ruwan da ake zargi, cikin daƙiƙa 30 ta yi rawaya idan dangin sarin ne, ja idan gubar mastad ce mai sa bororo, kore mai duhu idan gubar VX ce. Sai dai ba ta jin tururi, alhali sarin ta hanci ta fi kisa, kuma maganin ƙwari kan sa ta rikiɗa. Wata na'urar tana ƙona iskar wurin da harshen wutar haidirojin ta karanta launin hasken. Za ta ce akwai fosforos ko farar wuta, amma ba za ta faɗi mahaifinsu ba. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 na'urorin sojan Amurka sun yi ta ƙararrawar ƙarya. A ganina wannan ba aibi ba ne ga kayan da aka ƙera don su ce wa mutum ya rufe hancinsa, domin gara ƙararrawar banza goma da shiru guda a ranar gaskiya. Ɓarnar tana zuwa idan aka ɗauki ƙarar tasu a matsayin hukunci.

3.0 Tokiyo

Da misalin ƙarfe 8 na safiyar 20 ga Maris 1995, 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka huda ledojin sarin da tsinin lema a jirage biyar na ƙarƙashin ƙasa. Aƙalla mutum 12 suka rasu, sama da 5,000 suka nufi asibiti. Sanarwar farko daga masu kashe gobara ta ambaci sinadarin asetonaitiril, ba sarin ba. Sai wajen ƙarfe 11 'yan sanda suka bayyana sunan gubar. A tsakanin nan asibitin St. Luke's yana ta karɓar mutane da tufafinsu masu guba, 640 a yini ɗaya, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa suka ji alamun a jikinsu. Abin da ya taimaka wajen cike giɓin idon likita ne. Dokta Nobuo Yanagisawa, wanda ya kula da mutanen da aka watsa wa sarin a Matsumoto a 1994, ya ga alamun a talabijin, ya aika wa asibitocin bayani ta faks.

4.0 Ɗakin Gwaji

Sarin ba ta daɗewa, danshi yana karya ta, amma tana barin sawu. Na'urar GC-MS tana rarrabe abin da ke cikin samfur, ta farfasa kowane sinadari, ta auna nauyin gutsattsarinsa, wanda shi ne zanen yatsansa. A ƙasar da aka ɗebo daga ƙauyen Birjinni na Kurdawan Iraƙi a 1992, shekara huɗu bayan harin guba da aka kai wa ƙauyen, ɗakin gwajin Porton Down na Ingila ya samu burbushinta. A jini kuwa gubar tana manne da furotin na tsawon makonni. Masanan cibiyar TNO ta Holan sun nuna a 1997 cewa fuloraid yana ɓamɓaro ta, suka kuma gwada hakan a jinin mutanen Japan da abin ya shafa.

Ƙa'idar OPCW, hukumar haramta makamai masu guba, ita ce a tabbatar da sinadari ta hanyoyi biyu mabambanta. Bayan harin Ghouta na Siriya a 21 ga Agusta 2013, ayarin masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Åke Sellström ya shiga da kansa, ya ɗebi jini, fitsari, ƙasa da ɓaraguzan roka, ya rufe da hatimi, ya raka su har ɗakunan gwaji huɗu. Rahoton 16 ga Satumba ya tabbatar da sarin. A Khan Shaikhun a 2017 rashin tsaro ya hana masu binciken taka wurin, samfuran ƙasa ta hannun wasu suka iso. Sakamakon ya nuna sarin, dattin da ke cikinta ma ya dace da na rumbun gwamnatin Siriya, amma Rasha ta kama wannan giɓin ta yi watsi da rahoton, ta kuma hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, wa'adin kwamitin binciken ya ƙare a Nuwamba na shekarar.