Baba ta Karo da Baturiyar da ta Rubuta Labarinta

A shekarar 1949, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru ɗan Isiyaku, wani matashi ɗan asalin Jamaika mai suna Michael Garfield Smith ya sauka a ƙasar Zazzau. Ɗalibin Farfesa Daryll Forde ne a Landan, ya zo nazarin yadda Hausawan karkara ke neman abinci: noma, sana'a, kasuwa da haraji. Wata majalisar bincike ta gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauki nauyin aikin.

Ya zo da tsarin da ake koyarwa a Ingila a lokacin, wanda Bronislaw Malinowski ya kafa da zamansa a tsibiran Trobriand tsakanin 1915 da 1918. Tsarin bai yarda mai bincike ya kame a barandar Di'o ana kawo masa mutane, tafinta na juya magana ba. Dole ya koyi harshen jama'a, ya zauna cikinsu, ya halarci suna da biki da jana'iza, ya rubuta abin da ya gani tun bai kwana ba. Sai dai Malinowski bai yi aiki a ƙasar kulle ba. A nan kuwa iyakar baƙo namiji zaure. Maigida zai shimfiɗa masa tabarma, a miƙo fura, a sha hira kan dawa da auduga, amma cikin gida ba a shiga, sai dai ya jiyo daka daga bayan danga. Ga shi kuwa can ake kaɗi da ƙuli-ƙuli da adashi, can ake ƙulla aure, can ake kwance shi.

Matar Smith, Mary, ce ta shiga. A garin Giwa ta saba da wata tsohuwa da ake kira Baba, wadda aka haifa wajen 1877. 'Yar ƙauyen Karo ce da ke kusa da Zarewa, zuriyar Barebari, kuma ungozoma. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 suka riƙa zama, Baba na ba da labarin rayuwarta, Mary na rubutawa da Hausa yadda ya fito daga bakinta, daga baya ta mayar da shi Turanci.

Abin da ya fito daga wannan zama ba ya cikin kundin kowane Razdan. Baba ta tashi ta tarar danginta na da rinji da bayi. Ta ga zamanin mahara, lokacin da ake kame mata da yara a gona, dangi su shiga neman kuɗin fansa. Ta ga zuwan Nasara, ta ga bayi sun watse sun bar iyayengijinsu da gonaki. Ta bayyana yadda ake ƙulla ƙawance, yadda mace ke tara gudummawar biki ta kuma rama in na ƙawarta ya zo, da kunyar ɗan fari, da wankan jego, da zaman kishiyoyi, da bori. Ta kuma faɗi abin da mata ba sa faɗa a gaban maza: yadda matar da aure ya ishe ta ke neman hanyar fita, da sha'anin kwarto da kawaliya. A ganina gwanintar Mary ita ce haƙurin yin shiru. Ta bar tsohuwa ta yi ta zuba, bayanin masana kuwa, wanda mijinta ya rubuta, aka ajiye shi a gabatarwa da ƙarshen littafi.

Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, daga kamfanin Faber, kuma Mary Smith ce aka rubuta a matsayin mawallafiya. Mai labarin ba ta gan shi ba, da ma ta gan shi ba za ta iya karantawa ba. Babu shakka da son ranta ta yi magana, don ba a tilasta wa tsohuwa irin wannan doguwar hira. Amma yarda da hira daban, yarda da bugu daban. Matar da ba ta yi boko ba, ta yaya za ta kintata cewa zancen auren ƙanwarta ko rikicin maƙwabciyarta zai kai ɗakin karatu a Amurka? Su kuma matan da ke cikin labarin, nasu asirin ne ya fita ta bakin wata.

Akwai kuma batun wanda ke saurare. Baba ta nuna cewa talakawa Haɓe sun yi maraba da zuwan Turawa, sarakunan Fulani ne ba su so ba. Mai yiwuwa har zuciyarta haka ta gani, wadda ta san tsoron mahara tana da dalilin son zaman lafiya. Duk da haka Baturiya take gaya wa, a ƙasar da Turawa ke mulki, kuma Bahaushe ya san irin maganar da ake yi wa baƙo mai girma. Mai karatu ya kamata ya sa wannan a ma'auni, kamar yadda zai tuna cewa rahoton mijin Mary kan tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, wanda ya fito a 1955, don ofishin mulkin mallaka aka buga shi.

A wancan lokaci babu rubutacciyar ƙa'ida ta sosai da ta ɗaure mai irin wannan bincike. Sai daga baya abubuwa suka tilasta. A 1965 asirin shirin Camelot ya tonu, inda sojojin Amurka suka nemi amfani da masana zamantakewa don gano inda tawaye zai ɓullo, musamman a Latin Amurka. A 1967 aka buga kundin sirri na Malinowski, aka ga kalaman raini da ya rubuta kan mutanen da suka karɓe shi. A 1971 ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta, ta ce haƙƙin waɗanda ake nazari a kansu shi ne gaba da komai, har da sakaya sunansu in sun so.

Yau ɗalibin da zai shiga ƙauye sai ya tafi da takardar neman izini, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Takardar na kare jami'a, wannan ba musu. Amma da an miƙa wa Baba irinta a Giwa, da wuya ta ƙara mata sanin inda maganarta za ta je. Abin da zai yi amfani shi ne a karanta wa mai labari abin da aka rubuta, da harshensa, kafin a kai maɗaba'a, a cire abin da ya ce a cire. A nata littafin, mutuwa ta riga maɗaba'a da shekara 3.