Zaɓen Kano ta Gabas na 1956 da Aikin En'e

Ba a iya ba da tarihin En'e ta Kano a tsallake labarin zaɓe, domin a ranar zaɓe ne talakawa suka fara samun bakin faɗin yadda su ke ganin aikin ma'aikata.

Tun kafin a san wani abu wai shi ƙuri'a, En'e ta riga ta yi ayyukan da ba mai musunsu. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka jawo ruwan famfo daga kogin Challawa, aka kawo wutar lantarki cikin birni a 1931. Ga asibitin birni, ga Makarantar Midil, ga kuma Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934 don koyar da alƙalai. Kuɗin da aka yi yawancin waɗannan ayyuka daga Baitulmali ya fito, watau harajin talakawa da jangalin makiyaya.

Da aka zo zaɓen Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a 1951, ba kai tsaye aka yi shi ba, hawa-hawa aka yi. Masu biyan haraji su zaɓi wakilan unguwa, waɗannan su zaɓi na gaba da su, har a kai taron ƙarshe na lardi, inda doka ta yardar wa En'e ta ƙara mutanenta. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yi rawar gani a hawan farko cikin birni, amma da aka kai hawan ƙarshe ba ta sami ko ɗaya daga kujeru 20 na lardin Kano ba. Mutane da yawa suka riƙe abin a zuci, suka ce an yi musu sakiyar da ba ruwa.

A 1956 aka sake tsari, aka ba maza na manyan birane ikon jefa ƙuri'a da hannunsu, ko da ya ke mata ba su samu ba sai bayan shekara ashirin. A mazaɓar Kano ta Gabas mutum biyu suka kara. Jam'iyyar NPC ta tsai da Alhaji Ahmadu Ɗantata, ɗan Alhaji Alhassan Ɗantata, babban attajirin gyaɗa wanda ya rasu a 1955. NEPU kuwa ta tsai da shugabanta, Malam Aminu Kano na unguwar Sudawa, tsohon malamin makaranta a Bauchi da Maru. Shi ma ba baƙo ba ne ga En'e, gama mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aiki a kotun alƙali.

Mutanen NPC suka nuna famfo da asibiti da makarantu, suka ce ga abin da biyayya ga sarakuna ta haifar, kada a rushe gini don neman abin da ba a gani ba. 'Yan Sawaba suka ce ba su ƙi famfo ba, amma da gumin talaka aka yi shi. Abin da su ke kuka da shi, in ji su, shi ne yadda a ke karɓar haraji, da aikin tilas, da yadda waɗansu 'yan doka da kotuna ke takura wa wanda ya ƙi bin jam'iyyar manya. Da aka ƙidaya ƙuri'u sai Alhaji Ahmadu ya ci, ya tafi majalisa Kaduna.

Amma magana ba ta ƙare nan ba. Bayan shekara uku, a zaɓen 1959, Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas ta Majalisar Wakilai ta Ikko. Famfo na nan yana zuba, asibiti na nan yana aiki, duk da haka ƙuri'a ta juya. Ashe talaka ba gini kaɗai ya ke dubawa ba, yana duban yadda aka karɓe shi a ofis da yadda aka yanke masa shari'a. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa Baturen mulki Mista Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966 aka ɗauke 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, sa'an nan a 1976 aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi.

To, ya ku waɗanda suka yi wa En'e aiki, da ku waɗanda suka gaji kujerunsu, ga abin lura. Aikin da magabatanmu suka yi na ƙwarai ne, ba wanda zai shafe shi. Abin da ya rage masa daraja a idon jama'a shi ne zaton da aka yi cewa ofis ya zama na jam'iyya guda. Malamin haraji da magatakarda da ma'aji albashinsu daga aljihun kowa ya ke fitowa, da wanda ya jefa wa fartanya da wanda ya jefa wa tauraro. Wanda ya tuna da wannan ya riƙe amana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama lafiya, amin.