Budurwa, Gado da Aure: Tarihin Labaran Jane Austen a Fim

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi sawun finafinan soyayya da barkwanci waɗanda aka gina kan ƙagaggun labaran Jane Austen (1775-1817), marubuciyar Ingila da ta wallafa littattafanta ba tare da sunanta ya fito a kansu ba. Tauraruwar kowane labari budurwa ce, ƙarshensa kuma aure. Wannan ya sa masu sharhi da dama suka ɗauka soyayya ce babban jigo. A ganina jigon gado ne, soyayya kuwa zuma ce da aka shafa masa.

2.0 Asalin Matsalar

A cikin Pride and Prejudice (1813), Mista Bennet yana da 'ya'ya mata biyar da gandu mai kawo fam 2,000 a shekara, amma an ƙulle gandun da sharaɗin cewa namiji kaɗai zai gaje shi. Ranar da ya rasu, gidan ya zama na Mista Collins, wani dangi na nesa. Mai karatu Bahaushe, wanda ya san rabon 'ya mace a shari'a, zai yi mamakin wannan tsari, amma sai da shi za a fahimci rawar jikin uwar 'yan matan. Ba hauka take yi ba, tsoron rasa matsuguni ne. Matar aure ma a Ingila ba ta sami cikakken ikon mallakar dukiyarta ba sai da dokar 1882.

3.0 Yadda Fim Ya Sarrafa Ta

Kamfanin MGM na Amurka ya fitar da fim ɗin littafin a 1940, Greer Garson ta fito a matsayin Elizabeth, Laurence Olivier kuma Darcy. An sauya suturar zuwa manyan riguna na wani zamani da ya biyo bayan na labarin, an mayar da Collins mai kula da ɗakin karatu alhali limamin coci ne, an kuma tausasa Lady Catherine har ta zama mai goyon bayan auren a ɓoye. Dariya ta ƙaru, dafin labarin ya ragu.

Shekarar 1995 ita ce ta sauya komai. A cikinta aka sami Persuasion, da shirin BBC mai kashi 6 na Pride and Prejudice, da Sense and Sensibility wanda Ang Lee ya ba da umarni. Emma Thompson, wadda ta rubuta na ƙarshen har ya kai ta ga lambar Oscar a 1996, ta dawo da batun kuɗi gaba. Sai dai ta yi wani sassauci da ya kamata manazarta su lura da shi. A fim, Elinor tana bayyana wa ƙanwarta cewa doka ce ta ba ɗa namiji gida. A littafin kuwa wasiyyar wani tsoho ce ta hana su Norland, sannan yayansu John ya saɓa alƙawarin da ya yi wa mahaifinsu, bisa zugar matarsa. Littafin ya ɗora laifi a kan mutane, fim ya raba shi da doka, wato ya rage wa mai rowa nauyi.

Ga mai nazarin harshe, Clueless (1995) ya fi jan hankali, duk da cewa ba shi da doki ko keken doki. Amy Heckerling ta kwashe labarin Emma (1815) ta kai shi wata makarantar sakandare a Beverly Hills. Gwanintar Austen ita ce cusa tunanin tauraruwa cikin maganar mai ba da labari, ta yadda mai karatu zai bi ta cikin kuskurenta bai ankara ba. Kyamara ba ta da wannan dabara. Heckerling sai ta sa muryar Cher tana ba da labari cikin karin harshen matasan Kalifoniya, hoto kuwa yana ƙaryata ta. Emma na 1996, da Gwyneth Paltrow da duk adonsa, bai kama wannan ba.

Indiya ma ta ɗauki nata kason. Kandukondain Kandukondain (2000) ya mayar da Sense and Sensibility cikin harshen Tamil, kuma ya riƙe batun wasiyya da korar mata daga gidan gado. Bride and Prejudice (2004) na Gurinder Chadha ya kai iyalin Bennet garin Amritsar, ya rage 'yan matan zuwa huɗu, ya jefar da sharaɗin gadon gaba ɗaya. Collins na wannan fim akanta ne mazaunin Amurka, abin da yake zawarci da shi kuwa takardar izinin zama ce.