Daga Azara Zuwa Kwano: Tarihin Tsadar Sauya Rufin Ɗaki a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda ɗawainiyar sauya rufin ɗaki ta tashi daga ta ƙarfin jiki ta koma ta kuɗi, tare da duba gurbin da sauyin ya bari a harshen Hausa.

Rufin Gargajiya

Kafin zuwan Turawa, jinka da soro su ne rufin Bahaushe. Idan jinka ta tsufa, maigida kan yanko shuci da kaka, a yi yanta, maƙwabta su taya shi baibaya, ladarsu fura da godiya. Soro kuwa sai mai hali, domin daga giginya ake faskaro azara, sau da yawa daga nesa. Da yake azara ba ta ɗaukar tazara mai faɗi, magina sun ƙware wajen ɗaurin bakan gizo, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya wajajen 1830. Amfanin azara shi ne gara ba ta cika cin ta ba, saboda haka nauyin mai soro bai wuce yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina ba.

Zuwan Kwano

Isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauƙaƙa wa kamfanonin Turawa shigo da kwano. Da farko gine-ginen hukuma da kantuna aka rufa da shi. Bai yaɗu sosai cikin unguwanni ba sai zamanin arzikin man fetur, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na 1974. Kwano ya hutar da maigida yaɓen shekara-shekara, amma ya ɗaura rufinsa da darajar naira, tunda ƙarfen daga waje yake zuwa. Da naira ta karye a 1986, bandir ɗin kwano ya gagari talakawa da dama, ga shi kuma magina masanan azara sun yi ƙaranci.

Kammalawa

Harshe ya adana wannan tarihi. Kalmar kwano ta faɗaɗa ma'ana daga mazubin abinci zuwa rufi, an kuma aro kafinta da silin da rafta daga Ingilishi, yayin da yanta da baibaya ke ɓacewa daga bakin 'yan birni. Wajibi ne manazarta su tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin magina tun suna raye.