Katakon bakin rufi

Katakon bakin rufi wani faffaɗan katako ne da ake bugawa a ƙarshen raftocin gini, ƙarƙashin bakin kwano. Yana rufe kawunan raftoci, yana kuma kare su daga feshin ruwan sama. Ana yawan ganin sa a gidajen kwano na unguwannin da ke kudancin Kogin Kaduna, irin su Barnawa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha.

Girma

A Najeriya an fi sayar da shi da kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12. Galibin gine-gine sun fi haka tsawo, don haka sai an haɗa katako biyu ko fiye.

Yadda ake haɗawa

Ana sa mahaɗar ta faɗo daidai kan rafta domin kusa ta kama kawunan biyu. Akwai hanyoyi biyu:

Haɗin kai da kai: ana yanke kawunan a miƙe a gama su. Ya fi sauƙi, amma yana saurin buɗewa.

Haɗin karkace: ana yanke kowane kai a kusurwar digiri 45, ɗaya ya hau kan ɗaya. Ko katakon ya tsuke, ramin ba ya fitowa sosai.

Matsaloli

Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Idan an yi aiki da ɗanye, mahaɗar takan buɗe, ruwa ya shiga, kan rafta ya ruɓe. Shi ya sa kafintoci ke neman busasshe, su shafa maganin gara a kawunan kafin a buga, sannan a yi fenti.