Daga Kaset Zuwa 4K: Tarihin Matsalar "Memori Ya Cika" a Aikin Tace Bidiyo

Idan kana cikin matasan da ke ɗaukar bidiyon biki, saukar karatu ko taron siyasa a Kiru, Bebeji, Tudun Wada ko Doguwa, to ka san wannan saƙon. Aiki ya kusa ƙarewa, masu biki suna ta kira, sai manhaja ta tsaya cak ta ce memori bai isa ba, ko ta rufe kanta babu ko sallama. Wasu su hau goge hotuna, wasu su yi sammako zuwa Kano su sayo katin memori a Farm Centre. A dawo gida, matsalar tana nan daram.

Dalili shi ne abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai ma'ajiya, inda fayil ke kwana ko an kashe na'ura. Wannan kamar rumbu ne. Akwai kuma ram, inda kwamfuta ko waya ke baje abin da take aiki a kansa yanzu. Wannan kamar masussuka ce. Manomin da masussukarsa ta yi kaɗan, ko ya gina rumbu goma ba zai iya baje damin da ya fi ƙarfin filin ba. Galibi saƙon da kake gani kukan masussuka ne. Kuma kukan ya girmi wayarka da shekara kusan hamsin, haka ma maganinsa.

A 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, zamanin kaset ɗin VHS ne. Tace hoto a wancan zamanin na'ura biyu yake buƙata: ɗaya tana kunna kaset, ɗaya tana naɗa, fitowa bayan fitowa a jere. Babu batun ram, domin ba a riƙe hoto a ko'ina, wucewa kawai yake daga kaset zuwa kaset. Amma akwai tsada ta wani gefen. Duk kwafin da aka yi hoto sai ya ƙara dusashewa, kuma idan ka so ka ƙara wani abu a tsakiya, sai ka sake naɗar duk abin da ya biyo baya.

A Amurka an fara neman mafita tun 1971, da na'urar CMX 600 wadda kamfanonin CBS da Memorex suka ƙera tare. Ita ce ta fara ba mai tace hoto damar tsallakawa duk inda ya ga dama cikin fim. Sai dai na'urar ba ta da wurin ɗaukar hoto mai kyau. To me suka yi? Sai suka zuba mata kwafi mara nauyi, baƙi da fari, a yi yanke-yanke a kansa. Idan an gama, ta fitar da jerin lambobi: yanki kaza, daga daƙiƙa kaza zuwa kaza. Da wannan jerin ake komawa kan asalin kaset a haɗa fim mai kyau. Riƙe wannan dabarar, za mu dawo kanta.

Haka Avid ta yi da ta fito a 1989 a kan kwamfutar Macintosh. Adobe Premiere ta biyo baya a 1991. Walter Murch ya tace fim ɗin The English Patient a kan Avid, ya kuma ci kyautar Oscar ta tace hoto a 1997. Ka ga kenan, da kwamfutar da ramin ta bai kai na ƙaramar wayar yau ba aka yi aikin da duniya ta sara wa.

Da kyamarorin miniDV suka yaɗu, hoto ya fara shiga kwamfuta kai tsaye. Awa ɗaya takan ci kusan gigabait 13 a ma'ajiya, amma kowane firem ƙarami ne: ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, wato kamar megabait 1.2 idan an baje shi. Katangar wancan zamanin ita ce tsarin bit 32. Lissafinsa bai iya ƙirga wuri sama da gigabait 4, kuma Windows takan ba manhaja ɗaya gigabait 2 ne kawai daga ciki. Ko ka cika kwamfuta da ram, manhajar ba ta ganinsa. Shi ya sa a 2010 Adobe ta fitar da Premiere Pro CS5 a tsarin bit 64 kaɗai. Idan har yau tsohuwar Windows mai bit 32 ce a kan laftof ɗin da ka saya na hannu, kana bayan wannan katangar.

Da katangar ta faɗi, sai hoto ya kumbura. Firem ɗaya na 1080 ya haura megabait 6. Na 4K kusan megabait 25 ne, ninki ashirin na zamanin miniDV. A firem 30 cikin daƙiƙa, daƙiƙa goma na 4K idan aka baje su gaba ɗaya sun kai gigabait 7.5, kusan dukan ram ɗin laftof mai gigabait 8. Za ka ce, ai fayil ɗin a waya bai kai haka ba. Gaskiya ne. Waya tana matse hoto da tsarin H.264 na 2003 ko H.265 na 2013, inda ake ajiye cikakken firem jefi-jefi, sauran kuma a rubuta abin da ya canza kawai. Kafin manhaja ta nuna maka firem ɗaya, dole ta warware maƙwabtansa. Ɗora bidiyo uku a kan juna, ƙara rubutun sunan amarya da gyaran launi, masussuka ta cika. A ƙananan laftof ma, ɓangaren sarrafa hoto daga ram ɗin nan yake yankar nasa kason.

Saboda haka, gyara na farko shi ne na 1971. Yau ana kiransa furoksi: manhaja ta yi maka kwafi mara nauyi ka yi aiki a kansa, sai lokacin fitar da bidiyo ta koma kan asali. Premiere Pro, DaVinci Resolve da CapCut ta kwamfuta duk suna da shi. Na biyu, tun wajen ɗauka ka tambayi kanka inda bidiyon zai ƙare. In a WhatsApp ko TikTok za a kalle shi, 1080 ya wadatar, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne na nauyin 4K. Na uku, bikin awa uku ka raba shi gida-gida: kamu daban, ɗaurin aure daban, a haɗe daga baya.

Yayin da matsalar ke faruwa, buɗe Task Manager ka duba. In ram ya kusa cika, rufe Chrome da sauran abin da ba ka amfani da shi. Ma'ajiya ma tana da hannu ta fuska ɗaya: idan ram ya cika, Windows takan ari wuri a can, don haka kada ka bari ta cika maƙil, kuma ka riƙa share tarkacen wucin gadi da manhajar ke tarawa. In kuwa ram bai cika ba amma kwamfuta tana mutuwa ɗif, zargi zafi da ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ko ram ɗin da ya lalace. Windows Memory Diagnostic zai gwada maka shi kyauta.

Sai bayan duk wannan ake maganar kashe kuɗi. Adobe tana ba da shawarar gigabait 16 don aikin 1080, 32 don 4K. Kafin ka hau mota daga Kwanar Ɗangora zuwa cikin gari, tabbatar laftof ɗinka yana karɓar ƙari, domin wasu an like ram ɗinsu a jikin allo, ba ya cirewa. Ka rubuta samfurin kwamfutar a takarda, ka tafi da shi, kuma a gwada a gabanka kafin ka biya.